Gara na cin tarihinmu, an ce in je in yi aure

Wallahi har yanzu zuciyata tafasa take yi. Jiya na je wani ofishin adana takardu a nan Katsina, ina neman littafin Polly Hill na 1972 a kan Batagarawa, da tsofaffin takardun haraji da farashin hatsi, don binciken da nake yi kan sana'ar matan kulle.

Na yi sallama, ma'aikacin da na tarar bai ɗago kai daga wayarsa ba. Na rusuna na ce, "Baba, ina wuni, taimako nake nema kan littafin Polly Hill." Ya ce, "Wace ce kuma Foli?" Na yi masa bayani: Baturiya ce daga Ingila, masaniyar tattalin arziki, ta zauna a Batagarawa a 1967 tana bin gonaki da gidaje. Sai ya kalle ni sama da ƙasa, ya ja tsaki. "Yarinya, me za ki yi da takardun matacciya? Ki je ki yi aure mana." Na haɗiye, na ce a buɗe mini ɗakin ajiya. Wai mai makulli ya yi tafiya. Na leƙa ta taga: fayiloli zube a ƙasa, ruwan sama ya manne su, gara ta yi gini har bango, ga kashin ɓera ko'ina.

Matar nan fa ita ta rubuta yadda talakan manomi ke sayar da hatsinsa da araha da kaka, ya dawo ya saye shi da tsada da damina. Ita ta nuna wa duniya kasuwar da ke bayan katanga, inda iyayenmu mata ke sayar da gero, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta hannun 'yan talla. Ta rasu a 2005, ana karanta ta a jami'o'in Turai, ni kuwa da garin ke bakin ƙofata an kore ni.

Ina gwamnati? Kullum taro a otal kan tallafa wa mata, a raba jaka da alawus, amma kwanon rufin ɗaki ɗaya ya gagara, balle na'urar da za ta ɗauki hoton takardun a zuba a kwamfuta. Mu ma da laifinmu. Muna bugun ƙirji da Gobarau da Wali Ɗan Marina, muna cewa mu ne gidan ilimi, alhali tsoho na rasuwa magada za su auna wa mai ƙosai takardunsa ta naɗe wa yara.