Tsige wanda ya riga ya sauka: tsarin Amurka da namu na gida

Mutanenmu a gida sun yi ta tambaya a 2021: Donald Trump ya tattara kayansa ya bar Fadar White House, me kuma za a tsige? Tambayar tana da ma'ana idan da tsarin Najeriya aka auna. A nan Amurka tsigewa wuƙa ce mai baki biyu, ɗaya na sauke mutum daga kujera, ɗaya na haramta masa sake riƙe muƙamin tarayya. Na biyun aka so a yi wa Trump.

Majalisar Wakilai ta tuhume shi ranar 13 ga Janairu, mako guda bayan harin da aka kai ginin majalisa, da ƙuri'a 232 a kan 197. Rinjaye kawai ake bukata a nan. Hukunci na Majalisar Dattawa ne, kuma sai an samu kashi biyu cikin uku, wato 67 cikin 100. Sai an kama mutum da laifi tukuna a yi ƙuri'ar haramcin, wadda rinjaye ya isa. Ranar 13 ga Fabrairu aka tashi 57 da 43. Ƙuri'a goma ta rage, don haka ba a ma kai ga batun haramci ba.

Yawancin 'yan Republican, jam'iyyar Trump, sun laɓe ne bayan hujjar cewa majalisa ba ta da hurumin shari'ar wanda ya sauka. A ganina hujjar ba ta da ƙwari. A 1876 ministan yaƙi William Belknap ya yi murabus sa'o'i kaɗan kafin a tuhume shi, amma dattawa suka yi shari'arsa. Kuma Mitch McConnell, jagoran 'yan Republican a Majalisar Dattawa a lokacin, wanda ya ce lokaci ya wuce, shi ne ya ƙi dawo da majalisa daga hutu kafin 19 ga Janairu, jajibirin saukar Trump. Ka rufe ƙofa da hannunka, sannan ka ce baƙo ya makara. Idan aka yarda da wannan, shugaba na iya yin abin da ya ga dama a makonninsa na ƙarshe.

Namu sashe na 143 na kundin tsarin mulki hanyarsa ta fi tsawo. Kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisar tarayya su sa hannu a takardar zargi, kowace majalisa ta amince a yi bincike da kashi biyu cikin uku, Alƙalin Alƙalai ya naɗa kwamitin mutum bakwai, su kawo rahoto cikin wata uku, a sake neman kashi biyu cikin uku. Duk wannan wahala sauke mutum kawai take haifarwa. Ayo Fayose da aka tsige a Ekiti a 2006 ya dawo gwamna a 2014.

Abin da muke da shi ga wanda ya sauka shi ne kotu, domin rigar kariya ta sashe na 308 tana faɗuwa ranar da ya miƙa mulki. Da haka aka ɗaure tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba a 2018, kodayake afuwa ta fito da su a 2022. Har yau kuwa ba a taɓa tsige shugaban ƙasa a Najeriya ba. Gwamnoni abin ke ci, tun daga Balarabe Musa a Kaduna a 1981.