Kiɗa da ciwon mantuwar tsofaffi

Na karanta wani labari na sabon kiɗan da aka tsara wa ƙaramin rukunin makaɗa, a kan yadda mantuwa ke shiga tsakanin tsoho da iyalinsa, kuma ina ganin batun ya shafe mu a nan Maradi fiye da yadda muke zato. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane fiye da miliyan 55 a duniya ke fama da ciwon gushewar tunani, wanda mafi yawansa cutar da likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906 ce. Amma a gidajenmu, idan kaka ta kasa gane jikanta, sai a ce tsufa ne kawai, wasu ma su ɗora wa iskoki, alhali cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Likitoci sun lura cewa mai wannan larura yakan riƙe waƙar ƙuruciyarsa bayan ya manta sunayen 'ya'yansa, shi ya sa ban ga laifin wanda ya tsara wancan kiɗan ba. Da makaɗan goge da gurmi namu za su ɗauki wannan batu, da matan da ke jinyar surukai a cikin gida sun sami mai faɗin wahalarsu.