Sebiya a Teburin Mai Shayi

Mai Shayi: Malam, ka zo a kan gaɓa, domin tun da aka tashi daga gidan kallo yaran nan suke musu a kan sunan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Sifaniya da ta ɗauki kofin Europa karo na bakwai a 2023. Wasu na cewa Sabilla, wasu Sebilla.

Malam: Dukansu sun kauce hanya. Haɗa mini mai kauri da ƙwai biyu, sannan ka kasa kunne. Kalmar Sevilla gaɓa uku ce: Se-vi-lla. Haruffan "ll" da kake gani ba a raba su, saboda sauti ɗaya suke bayarwa, kuma yawancin masu magana da Sifaniyanci kamar "y" suke furta shi.

Mai Shayi: To, wannan "v" da ke sa mutum cizon leɓe fa?

Malam: A nan Bahaushe ya huta, domin su ma mutanen Sifaniya ba sa bambanta shi da "b". Abin da ya rage shi ne inda za ka danna murya. Ƙa'idarsu ita ce, kalmar da ta ƙare da wasali, ko "n", ko "s", a gaɓa ta biyun ƙarshe ake danna ta, sai fa idan an ɗora wa wani wasalin alama, kamar a sunan birnin Málaga, inda nauyin ya koma farko.

Mai Shayi: Allah ya ƙara sani. Faɗi kalmar a hankali in ji, ka kuma danna inda ya kamata.

Malam: Se-BI-ya.

Mai Shayi: Ƙara ɗaga murya, Malam, don jama'a su shaida.

Malam: Se-BI-ya!

Mai Shayi: Alhamdu lillahi! Wata biyu ke nan ina neman hanyar da zan gaya maka haka, kunya ta hana ni, yau ga shi ka faɗa da bakinka. Shayi ya haɗu, amma sai biya.

Malam: Dakata, bayanin bai ƙare ba, domin a babban birnin Ajantina "sh" suke furta waɗannan haruffa, su ce Sebisha, ka ga kuwa da "sha" kalmar ta ƙare.

Mai Shayi: Nawa ne kuɗin jirgi zuwa can, Malam? Zan ajiye maka kofin har ka dawo.