Agogon da ke cinye mini hanya

Tun ranar da likita ya ce sugana ya hau, ya kafa mini sharaɗin tafiyar ƙasa kilomita 5 kullum, ban ɗauki maganar da wasa ba. Kuɗin da na tara don gyaran rufin ɗakin baya na kwasa, na shiga wani shagon wayoyi a nan Daura na sayi agogon hannu mai GPS, wato mai auna nisan tafiya ta hanyar taurarin ɗan Adam. Yaron shagon har da dafa ƙirji: "Alhaji, wannan kai tsaye yake magana da tauraron ɗan Adam. Ko taku ɗaya ba ya kuskure masa." Wallahi ƙarya ya shara mini, kuma ƙaryar ta kusa kai ni ƙasa.

Ni ba na bin kwalta, saboda ƙurar motoci da gangancin 'yan acaɓa. Ana idar da sallar asuba nake fita bayan gari in kama turbar gonaki. Wanda ya san irin wannan turba ya san ba ta miƙewa. Ta kewaye kuka, ta gangara kwari, ta hau, ta karkace saboda iyakar gonar wani, ta shiga burtali ta fito. Sai in gama zagayena, gwiwa ta ce ta ji, in duba agogo ya ce kilomita 4 da ɗoriya. Sai in ƙara gaba, rana tana ɗagawa, don in cika abin da likita ya ce. Wata safiya ina cikin wannan ƙarin jiri ya ɗebe ni, zufa mai sanyi ta keto mini, hannuna yana rawa. Na sha magani, ban karya ba, ga tafiyar da ta wuce ƙa'ida. Wani bawan Allah da ke noma a gefe ya zaunar da ni gindin ɗorawa, ya buɗe kwanon furarsa mai sukari ya ce, "Baba, daure ka sha." Ba don shi ba, Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare.

Ɗan ƙanena da ke aikin safiyo shi ya tona asirin. Ya zo da keken awo, wato taya mai ƙirga nisa in ana tura ta, muka bi turbar tare, tun daga inda nake farawa har inda nake tsayawa. Keke ya ba da kilomita 5 har da ɗan ƙari. Agogo ya ce 4.3. Washegari na maimaita hanyar nan, ban kauce ko'ina ba, ya ce 4.6. Hanya ɗaya, ƙafa ɗaya, amsa biyu!

Ya ce, "Baffa, agogon nan ba ya auna hanya yadda igiya ke aunawa." Ɗigo yake ajiyewa a inda yake zaton kake, bayan ɗan lokaci ya ajiye wani, sannan ya ja miƙaƙƙen layi tsakaninsu ya tara tsawon. A kan titi miƙaƙƙe babu laifi. A kan turba mai lanƙwasa kuwa, duk kwanar da ka sha tsakanin ɗigo biyu ta tafi a banza. Da ya shiga saitin, sai ga shi an bar mini shi a tsarin tattalin batir, mai ajiye ɗigo sau ɗaya a minti. Mai tafiyar kilomita 5 a awa yana cin sama da mita 80 a minti guda. A turbarmu, cikin mita 80 sai ka sha kwana uku. Duk agogon ya haɗiye su, ni kuma ina biyan bashinsu da jikina a cikin rana.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Taurarin GPS na Amurka suna can sama da kilomita 20,000, saƙonsu yana isowa ne da rauni, kuma sai agogo ya kama aƙalla huɗu kafin ya san inda yake. Ko a fili fetal yana iya kuskuren 'yan mitoci. Ka shiga ƙarƙashin itatuwa ko tsakanin katangu, saƙon ya bugi bango ya dawo, lissafi ya rikice. Ranar da na bi lungunan cikin gari wajen rijiyar Kusugu, na buɗe taswirar a waya, sai ga layin tafiyata ya haura katanga ya ratsa tsakar gidajen mutane. Wata rana kuma na zauna gindin kuka muna gaisawa da wani tsohon abokin aiki, ban motsa ba, agogo ya ƙara mini kusan mita 200. Inda na yi tafiya ya rage, inda na zauna ya ƙara. Da wanne zan je gaban likita?

Abin da ya fi ƙona mini rai, ashe akwai agogunan da suka fi wannan. Suna haɗa GPS da sauran tsarin taurari irinsa, wato Galileo na Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin, wasu ma suna karɓar saƙo ta zango biyu, L1 da L5, wanda ke rage ruɗin da bango da itatuwa ke jawowa. Sun fi tsada, na yarda. To a faɗa mini mana! In ga dama in ƙara kuɗi, in ga dama in haƙura in riƙe kuɗina. Na gaya wa yaron nan a bakin kantarsa cewa don lafiyata nake saye, kuma hanyar gona nake bi. Ya ji, ya karɓi kuɗi, ya yi shiru.

Da na koma shagon, ko kunya babu ya ce, "Alhaji, ai matsalar sabis ce, ka san yadda layi yake a bayan gari." Na ce masa, ɗan nan, ka ji tsoron Allah, GPS ba ruwansa da layin waya, ko a dajin da babu sabis yana aiki. Sai ya juya magana, wai kaya in sun fita ba sa dawowa, ya nuna mini wata takarda da ya liƙa a bango. Mutum yana sayar da abin da bai san yadda yake aiki ba, ko ya sani ya ɓoye, kuma mai ciwon suga da mai hawan jini su ne ke ɗaura shi a hannu suna dogara da lambarsa.

Yanzu an mayar mini da shi yana ajiye ɗigo kowace daƙiƙa. Kuskuren ya ragu, bai ƙare ba, batir kuma ba ya kai kwana biyu, ga wuta sai ta ga dama, sai na aika da shi wurin mai caji na biya. Ɗan ƙanena ya sake zuwa da kekensa, muka tara duwatsu a bakin turba a kan kowace kilomita, su nake ƙirgawa. Ruwan shekaranjiya kuma ya sake jiƙa katifar yara a ɗakin baya.