Iska Ce, Alhaji

ALHAJI: Oga, yau kwana uku da ka sa min sabon kuloci, har yanzu giya ta ƙi shiga.

OGA: Iska ce, Alhaji.

ALHAJI: A'uzubillahi! A motar tawa? Ni da ba na kunna ta sai na yi addu'a?

OGA: Ba irin wannan ba, iskar tiyo. Kulocin nan da man birki yake aiki. In ka taka feda, masta na sama ya tura mai, mai ya bi tiyo zuwa na ƙasa, na ƙasa ya tura fok, fok ya danna beyarin, sai farantin kuloci ya saki. Mai ba ya matsuwa, ita kuwa iska tana matsuwa. Ko 'yar ƙanƙanuwa ta shiga, ƙarfin ƙafarka a kanta zai ƙare.

Gaskiya ya faɗa. Matsalar dai ita ce wannan gaskiyar kaɗai Oga ya haddace tun yana yaron gareji, kuma da ita yake yi wa kowace mota magani.

OGA: Kai yaro, cika gwangwanin da man birki DOT 4, kada ka ɗiga a jikin mota, yana cin fenti. Ɗauko sifana ka shiga ƙasa wajen notin fitar da iska. Alhaji, hau. Taka! Taka! Taka! Riƙe! Yaro, buɗe. Rufe. Alhaji, saki. Taka!

ALHAJI: Wai sau nawa za a yi?

OGA: Sai ta fita.

ALHAJI: Jiya ma haka ka ce. Da daddare ina barci ƙafar hagu na ta famfo ita kaɗai, har Hajiya ta koma falo.

YARO: Oga, man da ke fitowa garau yake, ko kumfa ɗaya babu.

OGA: Ta ɓuya ne. Akwai iska mai wayo.

YARO: Amma Oga, feda da tauri. In da iska ce, ai da ta yi laushi kamar soso, kuma in an yi famfo sau uku ko huɗu sai giya ta shiga. Ga sandar na ƙasa tana fita har ƙarshe, da idona nake gani.

OGA: Idonka shekararsa nawa? Shekara 30 ina wannan sana'a. Motocin da na gyara da hannuna, in aka jera su, sai ka gaji da tafiya ba ka kai ƙarshe ba.

ALHAJI: Shekaranjiya 25 ka ce min.

OGA: Ban lissafa da na koyo ba. Alhaji, masta za a canja.

ALHAJI: Ai an canja ranar Talata.

OGA: To na ƙasa.

ALHAJI: Shi ma an canja jiya.

OGA: To tiyo.

Wannan shi ne irin binciken da duk mai mota ya sani: a yi ta sayen kaya ɗaya bayan ɗaya da aljihunka, har Allah ya sa a dace, sannan a ce maka ai tun farko an san nan ne.

YARO: Alhaji, don Allah kashe injin ka gwada giya.

ALHAJI: Ɗaya ta shiga. Biyu ta shiga. Har ribas ta shiga sumul.

YARO: To tayar, ka taka kuloci har ƙasa ka sa ribas.

Ƙarrrr! Sai da kowa a garejin ya toshe kunne.

YARO: Yanzu kashe, ka bar ta a giya ɗaya, ka taka kuloci ka murɗa makulli.

Mota ta yi tsalle kamar akuyar da ta tsinke igiya, ta ture bencin Oga, akwatin sifanu ya watse.

OGA: Ka gani ko? Me ya tura ta in ba iska ba?

YARO: Oga, faranti ne bai saki ba. Ranar da muke ɗaurawa na ga rubutu a jikinsa, an ce wannan gefen filawil zai kalla, wato faifan ƙarfen da ke jikin injin. Mu kuwa giyabos muka sa ya kalla.

OGA: Rubutu! Yaran yanzu, daga an koya musu baƙi sai su zo suna karanta wa mutum ƙarfe. Ni ba na karanta faranti, shafa shi nake yi. In na shafa, shi da kansa yake gaya min inda yake son kallo.

ALHAJI: To wannan me ya gaya maka?

OGA: Sirri ne tsakanina da shi.

ALHAJI: A sauke giyabos.

OGA: Alhaji, aikin wuni guda ne fa. Bari mu ƙara famfo ɗari biyu kacal.

ALHAJI: Ƙafarka ko tawa? A sauke!

Aka sauke. Yaro ya zaro faranti ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. Doguwar cibiyar, wadda ya kamata ta kalli giyabos, ta sha guga har tana ƙyalli, kawunan notunan filawil ma sun goge tas. Duk takun da Alhaji ya yi kwana uku, faranti na can manne yana juyawa tare da injin abinsa. Oga ya karɓa, ya juya gaba, ya juya baya, ya hura, ya shafa.

OGA: Kayan yanzu! Kamfani ne suka buga rubutun a baibai.

YARO: Oga, ai ka ce ba ka karanta ba.

OGA: Da na karanta da abin ya fi haka lalacewa. Tukuna ma, wa ya miƙo min shi?

YARO: Ni ne. Na ce Oga juya, ka ce in ƙara magana sai na kwana ina wanke noti.

OGA: Shi ne ka yi shiru? Haka ake koyon aiki? Alhaji, ka ga irin yaran da muke fama da su.

Aka sa wani faranti daidai, aka mayar da giyabos, aka ɗaura tiyon da aka kwance. Alhaji ya hau ya taka feda, sai ta faɗi ƙasa warwas, ta ƙi tasowa. Yaro ya leƙa gwangwani, fayau, duk man ya tsiyaye lokacin da tiyo yake a kwance.

YARO: Oga... iska ta shiga.

OGA: Ɗaga murya, ban ji ba.

YARO: Iska ce, Oga.

OGA: Jama'a ku shaida! Me nake faɗa tun ranar Litinin? Alhaji, gyara zama. Taka! Taka! Riƙe!