Talabijin ɗin bango: kuɗi a hannu, garanti a fatar baki

Abin da ake yi wa masu sayen talabijin ɗin bango a kasuwanninmu ya wuce tsada, ya zama rainin hankali. Wani adashe ya ɗauka, wani kayan ɗakin 'yarsa yake haɗawa, kowa da guminsa ya zo. Tsadar ma mun haƙura da ita, tunda mun san dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta kai wajen 1,500 a farkon 2024, kuma kusan komai na cikin kwalin nan daga waje yake zuwa. To, ka karɓi kuɗin mutum cif, me ya sa ba za ka ba shi abin da ya biya ba?

Kana shiga shago za a tare ka da ruwan kalmomi. "Alhaji, wannan 4K ce, simat ce, akwai YouTube, akwai Netflix, magana ma za ka yi mata ta ji." Ba wanda zai ce maka 4K na gaske ɗigo 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, alhali allon da aka manna wa takardar wani lokaci 1366 da 768 ne kawai. Ba kuma wanda zai tuna maka cewa tashoshin da dikodarka ke kamawa ba 4K suke watsawa ba, in kuwa ta intanet za ka kalla, datar wata guda ba za ta kai ka Juma'a ba. Simat ɗin ma, an cusa mata ƙwaƙwalwar giga ɗaya, ka danna rimot ka je ka yi alwala ka dawo tana nan tana juyi.

Inci ma sai an ci da shi. Daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna allo, ban da firam, kuma inci 43 kusan santimita 109 ne. Maƙwabcina ya sa tef ɗin tela a kan tasa mai "43" ɓaro-ɓaro a jikin kwali, da ƙyar ta kai 40. Sunan babban kamfanin da ke gabanta kuwa, da farce ya ɓamɓare shi.

Ni tawa ba ta rufe shekara ba hoto ya ɗauke, sai murya. Na ɗauke ta a Keke na mayar shagon da rasit a hannu. Yaron shagon ko kwalin bai buɗe ba ya ce, "Baba, ai wuta ce ta buga ta, garanti ba ya ɗaukar wuta." Na ce sitabilaiza fa nake da ita, a wajenku na saya rana ɗaya. Sai maigidansa ya leƙo ya nuna mini ƙasan rasit, inda aka buga da ƙananan baƙaƙe cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su. Garantin shekara guda da ya rantse mini a kai, ashe a bakinsa ya tsaya.

Mai gyara ne ya gaya mini gaskiya. Ya kwance bayanta, ya haska allon da tocilan, sai ga hoton yana motsi can ciki dishi-dishi. Ya ce, "Yallaɓai, wuta ba ta taɓa wannan ba, da bod ɗin wuta ne zai ƙone. Fitilun bayan allo ne suka mutu." Ya zaro layukan fitilun ya nuna mini, wasu sun yi baƙi ƙirin. A cewarsa daga masana'anta ake ƙure haskensu don su ɗauki ido a shago, su kuma masu arha ba sa jure zafi, balle zafin Afrilu a Kano. Ya ce in gode Allah ba allon ne ya tafi ba, don kuɗin sabon allo kaɗan ya rage ya kai na sabuwar talabijin. Shagonsa cike yake da irinsu a jingine da bango, masu su sun ji farashi sun tafi ba su waiwayo ba.

Ban wanke masu wuta ba, kowa ya san yadda suke kawo ta da ƙarfi ta cinye kayan mutane. Amma ta zama bangon da kowane maha'inci ke fakewa a bayansa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, akwai doka. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi a gyara, a canza ko a ba shi kuɗinsa, kuma rubutun ƙasan rasit bai shafe wannan ba. Ga SON, hukumar kula da ingancin kaya, da aikinta shi ne tare jabu tun daga tashar jirgin ruwa. Ta ina kwantenonin nan suke bi har su iso kasuwar Alaba ta Legas, daga can a loda su zuwa Arewa?

Duk mai shirin saye ya tafi da tef ɗinsa. A kunna a gabansa, a sa farin hoto ya duba tabo, ya gwada lambar da ke bayanta da ta kwali da ta cikin saiti, ya tambayi inda wurin gyaran kamfanin yake a garinsa. Garanti kuma a rubuta shi da biro a kan rasit, da lambar talabijin ɗin da sa hannun mai shago. In ya fara cewa "haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?", mayar da kuɗinka aljihu ka shiga shago na gaba.