Sunan kakanka ba zai tsaya maka ba

'Yan'uwana matasa, salama. Abin da ya faru a nan Garwa ranar Lahadi bayan sujada ya isa a yi magana a kai. Yaro mai baftisma, mai sana'ar hannunsa, ya aiko neman aure, sai yayyen yarinyar suka ce ba za a ba shi ba, wai jikan maƙera ne daga duwatsun Mokolo, su kuwa kakansu yana cikin masu bishara na farko a ƙauyensu. Kuma ba tsofaffi ne suka faɗi haka ba, samari ne 'yan ƙungiyar mawaƙa. Ba zan kama suna ba, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Wannan taƙama da asali ta yi mana yawa. A zaɓen dattawan ikilisiya ana jin ta, a rabon aiki ranar taron matasa ana jin ta: wane ɗan gidan fasto ne, wane jiya-jiya uwarsa ta bar tsafi. Masu faɗin haka kuwa su ne in an zo karatun Matiyu sura 1 sai su tsallake zuwa aya 18, wai sunaye ne kawai masu karya harshe.

To ku ɗauki takarda ku raba ta gida uku. Matiyu 1:17 ya kasa asalin Yesu Almasihu kashi uku, tsara 14 kowanne: daga Ibrahim zuwa Dawuda, daga Dawuda zuwa bautar Babila, daga nan zuwa Almasihu. Ku rubuta sunayen, sannan ku buɗe 1 Tarihi 3:10-16 ku jera kashi na biyu kusa da shi. Za ku ga tsakanin Yoram da Azariya an bar sarakuna uku, Ahaziya, Yowash da Amaziya, an kuma bar Yehoyakim bayan Yosiya. A nan masu gaggawa suke ruɗewa su ce kuskure ne. A lissafin asali na Yahudawa jika ma ɗa ne, yadda mu ma muke ce wa jikan mutum ɗan gidan wane. Luka 3:23-38 kuma ya faro daga Yesu ya hau har Adamu, ya bi ta kan Natan ɗan Dawuda, Matiyu kuwa ta kan Sulemanu.

Yanzu ku ja layi a ƙarƙashin sunayen mata. Kafin a kai ga Maryamu akwai huɗu. Tamar ta haifa wa surukinta Yahuza tagwaye, ku duba Farawa 38 in kunya ta bar ku. Rahab karuwa ce a Yariko. Rut daga Mowab ta fito, al'ummar da Maimaitawar Shari'a 23:3 ta hana shiga taron jama'ar Ubangiji har tsara ta goma, amma ita ta haifi Obida kakan Dawuda. Ta huɗun ko sunanta ba a ambata ba, an ce matar Uriya, don kada a manta da abin da Dawuda ya aikata. Da yayyen yarinyar nan ne suke tsaron ƙofa a Baitalami, da Bo'aza mijin Rut bai samu matar aure ba.

Kuna kafa hujja da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ɗan na gada ya fi ɗan na koya. A ƙira da jima da kiɗa haka ne. Amma ku bi sarakunan da kuka rubuta ɗaya bayan ɗaya. Ahaz ya ƙone ɗansa hadaya, shi ya haifi Hezekiya mai tsoron Allah, wanda ya farfashe macijin tagulla na Musa da ya ga mutane sun mai da wannan abin da suka gada abin ƙona wa turare. Hezekiyan nan ya haifi Manassa, ya yi shekara 55 a kan sarauta, ya cika Urushalima da jinin marasa laifi. Amon ɗansa ya bi sawunsa, shekara 2 fadawansa suka kashe shi. Sai ga Yosiya, yaro ɗan shekara 8, ya girma ya gyara Haikali. Ina gadon yake a nan? 'Ya'yan Eli, Hofni da Finehas, a gidan Allah suka tashi suna wawure naman hadaya. Na Sama'ila suka ci hanci. Albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Yahaya Mai Baftisma ya gaya wa masu taƙama da Ibrahim cewa Allah yana da ikon tayar masa da 'ya'ya daga duwatsu. Bulus ya lissafa nasa asalin a Filibiyawa 3, kabilar Biliyaminu, kaciya a rana ta takwas, ya ce duk hasara ne. Kai kuma jikan mai bishara, da ranar Asabar ake ɗauko ka daga gidan giyar bilbil, kuɗin baikon Lahadi ya tafi a cacar ƙwallo ta waya, da wane baki kake auna jinin wani? ('Yan mata masu tambayar ƙabilar saurayi da girman babur ɗinsa kafin su tambayi halinsa, ku ma da ku nake.)

Ban ce ku watsar da asalinku ba. Bulus ya yabi bangaskiyar Loyis kakar Timoti da ta mahaifiyarsa Afiniki, amma ya ce ya tabbata tana zaune a cikin Timoti kansa. Ku koma ga Maganar Allah, ku ƙasƙantar da kanku.

Lokacin da mishan na Norwe suka sauka Ngaundere a 1925, babu ɗan fasto ko ɗaya a cikin waɗanda suka fara ba da gaskiya. Kakannin da kuke ɗaga kafaɗa da sunansu sun sha gori a dangi, sun taka da ƙafa ƙauye zuwa ƙauye, sun ci tuwo da duk wanda suka tarar. Iyayenmu sukan rubuta ranar haihuwa da ranar baftismar kowane ɗa a shafin farko na Littafi Mai Tsarki, da dare a kunna fitila a tambayi yara wa ya haifi Yesse. Yau a gidaje da yawa gara ta cinye shafin, kuma cikin masu cewa kakansu ne ya kawo bishara, kaɗan ne za su iya faɗin sunan uban kakan nan ko shekarar da aka yi masa baftisma.